Shekarar da Zulal Ya Shigo Gidanmu

Labarin nan na ji shi a bakinku iri-iri, kuma babu wanda ya faɗe shi daidai. Bashir yakan ce ƙodojin mahaifinku sun mutu murus, ruwan Zamzam ne ya tashe su. Safiya takan ce ni na hana shi azumi, sai ka ce ina da wannan iko a kan mutumin da ko gishiri ban iya raba shi da shi ba sai da likita ta sa baki. Shi kansa mai labarin, da yake zaune kusa da ni yanzu yana leƙen abin da nake rubutawa, duk lokacin da ya ba da shi sai ya ƙara wani abu da bai faru ba. Tunda yaƙi ya watsa mu, kowa yana wata ƙasa, gara in ajiye muku shi yadda ya auku, musamman saboda jikata ta fari, wadda ta fi ku duka haƙƙin jin sa daidai.

Kun san aikina. Na yi shekaru ina karanta labarai da fassara shirye-shirye a sashen Hausa na gidan rediyo. Da na fara, Hausata irin ta gidajenmu na Umdurman ce, rabi Hausa rabi Larabci. Sai in ce na hau hafila na je mustashfa, maimakon bas da asibiti, ban ji komai a kunnena ba. Wani dattijo Bakano da ke duba mana rubutu shi ya gyara mini harshe. Ba ya faɗa, ba ya tsawa. Sai dai ya ɗora yatsa a kan kalma ya tambaye ni abin da mai saurare a ƙauye zai ɗauka na ce. Daga wurinsa na koyi cewa kalma ba ta zama daidai sai wanda ya ji ta ya fahimci abin da ake nufi. Na kuma koyi cewa in an karanta labari da kuskure, ana gyara shi ne a inda aka karanta shi, da muryar da ta karanta shi, a gaban mutanen da suka ji na farko. Ban taɓa zaton wannan darasi zai bi ni har tsakar gidana ba.

Kakan mahaifinku ya bar ƙasar Katsina da ƙafa, da niyyar Makka. Ya iso Umdurman guzuri ya ƙare, ya tsaya ya yi aiki ya tara, sai aure, sai 'ya'ya, sai kabari. Ɗansa ma ya yi ta cewa baɗi har Allah ya karɓi abinsa. A Sudan kuwa duk wanda furfura ta fito masa "ya Hajj" ake ce masa, ko ya je ko bai je ba. Masu raksha, wato keke mai ƙafa uku, masu shayi, masu sayen yadi a shagonsa na Kasuwar Libiya, kowa "ya Hajj". Duk lokacin da aka kira shi haka sai in ga ya ɗan runtse ido, kamar wanda ya farga ya sa takalmin wani a ƙofar masallaci. A shekarar da nake ba ku labari ne Allah ya nufa sunansa ya fito cikin masu tafiya. Ya ce shi zai ƙarasa tafiyar da aka fara kafin a haifi ubansa, kuma daga ranar ba shi da wata magana sai ita.

Yana da ciwon sukari da hawan jini tun shekarun baya, amma ya ɗauke su kamar maƙwabtan da ake gaisawa da su daga nesa. Magani in ya tuna ya sha. Abin da ba ya mantawa shi ne ƙwayar ciwon gwiwa da yake saya a kantin magani ba tare da takardar likita ba, safe da yamma, don ya iya tsayuwar shago. A watan Rajab aka ce ya je a duba lafiyarsa kafin tafiya. Ya ƙi in raka shi. Ranar kuwa da zazzaɓi ya tashi, kuma da motoci suka yi wuya sai ya taka da ƙafa daga kasuwa, cikin rana, har wurin gwajin. Da ya koma karɓo sakamako, bayan la'asar na ji muryarsa tun daga ƙofar gida, da sunan tsokanar da yake kira na da shi.

"Sashen Hausa! Fito ki karanta labaran duniya!"

Na fito na same shi riƙe da takarda a hannu ɗaya, ƙunshin gasasshen naman agashe a ɗaya hannun, mai yana ɗiga.

"Malam, lafiya? Me aka ce?"

"Kawo faranti tukuna. Ma'aikacin wurin gwajin ya dube ni ya ce, 'Ya Hajj, fi zulal fil-bol.' Zulal, Rakiya! Kin san zulal? Ruwa garai-garai, mai sanyi, wanda ke wucewa ta maƙogwaro ba ka sani ba. A ce mutum ya haura sittin, fitsarinsa zulal ne!"

"Bai ƙara cewa komai ba?"

"Ya ce in je wurin likita. Ai dole, ta sa hannu."

Ga inda matsalar take. Larabcin mahaifinku kashi biyu ne: na ciniki, da na littattafan da ya karanta a gaban malamai. Asibiti bai san shi ba. A littattafansa zulal ruwa ne mai tsabta. A bakin likitoci kuwa zulal shi ne albumin, wani furotin da wurin zamansa cikin jini ne, wanda ƙoda mai lafiya ba ta bari ya zube cikin fitsari sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Na sha fassara wannan kalma a shirin lafiya. Na karɓi takardar na duba. An rubuta cewa awon da ake so shi ne ƙasa da talatin. Nasa ɗari uku da arba'in ne. Har yau ina ganin ba jahilci ne ya sa ya ji abin da ya ji ba. Kunnensa ne ya zaɓi ma'anar da zuciyarsa ke so, don ya san ɗaya ma'anar tana iya tsayawa tsakaninsa da Makka.

Na yi tunanin yin shiru har mu je wurin likita, ta faɗa masa da bakinta. Amma na tuna fuskarsa, na ga bai dace baƙuwa ce za ta ga lokacin da wannan murna za ta faɗi ba. Abin da na yi kawai shi ne na bar shi ya cinye agashensa, don na san zai daɗe bai ci mai yaji da gishiri irin wannan ba. Da ya wanke hannu na zauna a gefensa.

"Malam, kai da ka karanta nahawu, ina ka jefar da 'fi'?"

"Wace 'fi'?"

"Mutumin nan bai ce fitsarinka zulal ne ba. Cewa ya yi akwai zulal a cikinsa."

Na yi masa bayani a hankali, da Hausar da nake karanta labarin girgizar ƙasa da ita, ba ƙari ba ragi. Ya saurara har na gama. Sai ya dafe kai.

"Inna lillahi. Shi ya sa."

"Shi ya sa me?"

"Ai masallaci na fara bi. Bayan an sallame na juya na ce musu, alhamdu lillahi, an gano ina da zulal. Ina faɗa ina dariya. Sai na ga kowa ya yi tsit. Wannan ya ce salamtak, wancan ya ce kaffara, kamar masu gaida marar lafiya. Hajj Usman mai goro ya rungume ni yana hawaye, ya ce bai taɓa ganin mai tawakkali irina ba. Na ce a raina, mutanen nan hassada ce ta kama su."

Ban so in yi dariya ba, amma ta ƙwace mini, shi ma ya yi, har da tari. Sannan ta ɗauke masa gaba ɗaya. Ya kalli ƙasa ya yi tambayar da ita ce ta zauna a gidanmu wata huɗu.

"To Makka fa?"

Na ce ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa.

Washegari Safiya, da take da ƙaramin ciki a lokacin, ta buga wa gwaggonku Asabe waya. Ita ce yayar mahaifinku, kuma ita kaɗai ce a duniya take kiran sa Idi. Kafin azahar ta taso daga unguwar Hajj Yusuf, ta tsallako koguna biyu a mota biyu, ta shigo tana gyara tob ɗinta, lulluɓin matan Sudan, tana haki. Ba ta ko zauna ba.

"Rakiya, ƙwai nawa kike ba shi da safe?"

"Biyu, Yaya."

"To kin gani. Zulal ai farin ƙwai ne, ko yaro ya san wannan. Kin cika shi da ƙwai har ya fara fita ta ƙasa. Idi, kai kuma da kwaɗayi tun kana goye."

Na so in yi mata gardama, amma ita ma ba ƙarya ta yi ba: Larabawa suna kiran farin ƙwai zulal. Kalma ɗaya ta shigo gidana da ma'ana uku, kowa ya riƙe tasa. Kafin in buɗe baki ta kwashe ƙwan da ke kicin, ta kama kajina biyu ta ɗaure musu ƙafa, ta ce za ta ajiye su a wurinta don kada su jarabce shi. Ba ta taɓa dawo da su ba. Daga baya likita ta tabbatar mana ba ƙwan da ya ci ne ke fita ba, na aika mata da saƙo, ta ce kajin sun saba da Hajj Yusuf.

Likitar yarinya ce, ba za ta girmi Bashir ba, mai sanyin magana. Ta duba takardar, ta taɓa goshinsa, ta tambaye shi yadda aka yi ya ba da fitsarin. Da ta ji zazzaɓi da tafiyar ƙafa cikin rana sai ta ajiye takardar gefe. Ta ce gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Zazzaɓi yana ɗaga wannan awo, haka wahalar jiki, haka ciwon mafitsara, haka sukari ko jini in sun hau sosai. Ta ce ƙoda kamar rariya ce mai ƙananan ƙofofi: tana sakin dattin jini ya fita, tana riƙe abin amfani. Sukari da hawan jini in sun daɗe suna buɗa ƙofofin kaɗan-kaɗan, sai albumin ya fara yoyo, tun mutum bai ji ciwo ba, tun ƙafa ba ta kumbura ba. Shi ya sa ake wannan gwaji, don a ji labari da wuri. Ƙasa da talatin lafiya ce. Daga talatin zuwa ɗari uku yoyon ya fara, amma ana iya tare shi. Abin da ya haura ɗari uku ya yi yawa. Ta ce ya bari zazzaɓin ya sauka ya huta, sannan ya kawo fitsarin farko na safe, a kuma ɗebi jini a ga ƙarfin tacewar ƙodar. Sai an ga awon ya hau aƙalla sau biyu cikin uku, a tsakanin watanni, sannan a ce da gaske ne.

"Kuma ƙwayar gwiwar nan, ya Hajj, daga yau ka bar ta. Irin ta tana wahalar da ƙoda. Zan rubuta maka wadda ta fi sauƙi."

"Wadda ta fi sauƙi ba ta jin maganar gwiwata, 'yata."

"Gwiwa tana ihu, ƙoda ba ta yi. Shi ya sa nake tsaya mata."

Ya dawo gida yana tunani, kuma mahaifinku in ya yi tunani shiru akwai abin da yake ƙullawa. Ana jajibirin gwaji na biyu, tun daga la'asar ya ja kujera ya zauna gefen randa. Moɗa bayan moɗa. Na tambaye shi ko ƙishi ne, ya ce zafi ne ya yi yawa. Safiya da ta zo gaishe mu ta tsaya tana kallon mahaifinta.

"Yaba, randar ce ta yi maka laifi?"

"Ke dai wuce. Ɗan kasuwa ya san abin da yake yi."

Na gane dabararsa, na ƙyale shi. Yana so ya tsinka fitsarin ne, zulal na littafi ya rinjayi zulal na asibiti. Sakamako ya fito casa'in da biyar. Gwajin jini kuma ya nuna ƙodar tana tacewa yadda ya kamata. Muna zaune gaban likita sai ya kasa riƙe sirrinsa, ya gaya mata da alfahari cewa shi ya sauke lambar da rabin randa. Ta yi dariya har ta cire tabarau.

"Ya Hajj, a gidanku wa ke haɗa shayi?"

"Ita."

"In ta zuba sukari cokali biyu, ganye cokali ɗaya, sai kai ka zo ka ƙara ruwa har ya cika tulu, sukari nawa ne a kan kowane cokalin ganye?"

"Biyu dai."

"To haka gwajin nan yake. Ba albumin kaɗai muke aunawa ba. Akwai wani datti da tsokar jiki ke fitarwa, sunansa kiriyatinin, yana fita kusan daidai wa daida kullum. Muna auna albumin ne a kan kowane giram na wannan. In ka sha ruwa, duka biyun suna tsinkewa tare. Ba randa ce ta sauke lambarka ba, zazzaɓi ne ya tafi."

Ya juyo ya dube ni ya ce da Hausa, "Wanda ya ƙirƙiro wannan gwaji ya taɓa zama a Kasuwar Libiya."

Casa'in da biyar labari ne mai daɗi in aka gwada da na farko, amma ya haura talatin, kuma likitar ba ta ɓoye masa ba. Ta canza masa maganin hawan jini zuwa wanda ke kare ƙoda, ta gyara na sukari, ta ce a rage gishiri. Sannan ta zo kan abin da ya fi nauyi. Azumi ya matso, kuma a tsakiyar zafi ya faɗo, irin zafin da kwalta ke narkewa a titi. Ta ce sukarinsa bai daidaita ba, magungunan sababbi ne, kuma yini guda babu ruwa a wannan yanayi yana iya yi wa ƙodar illar da za ta hana ta sa masa hannun tafiya. Ta ce ba ga kowane mai irin wannan awo take faɗin haka ba, kuma ba har abada ba, amma shi, bana, shawararta ita ce ya ajiye azumi, ya rama lokacin sanyi in komai ya daidaita.

Ku da kuka girma a gidan kun san abin da azumi yake a wurinsa. Tun yana yaro bai sha ko ɗaya ba. Hukuncin marar lafiya kuwa ba sai an karanta masa ba, shi yake karanta wa wasu. Ba hukuncin ne ya dame shi ba. Tabarmar titi ce. A unguwarmu, kamar ko'ina a Umdurman, maza ba sa buɗa-baki a cikin gida. Ana shimfiɗa tabarmi a bakin titi, kowane gida ya fito da tirensa, tuwon asida da dabino da hilu-mur, abin shanmu na azumi, a tare duk mai wucewa a ce sai ya zauna. Shi ne babba a tabarmarmu, shi ke miƙa dabinon farko. Yaya zai zauna a can da cikinsa cike da ruwa, yana amsa sannu da ƙishi? In kuma ya ƙi fita, me za a ce? Ga shi kuma rabin masallaci suna kallon sa a matsayin waliyyin da ƙodarsa ta lalace yana murmushi, har an fara kawo masa rubutu da zuma.

Ya yi kwanaki ba ya mini magana sai ta dole. Abincin da na rage wa gishiri yakan ci ya ture farantin ba godiya. Gwiwarsa ta tashi da gaske, har ya koma salla a kan kujera, abin da ya tsana. Wannan lokaci bai yi mini daɗi ba, kuma ba zan ce muku ya yi ba. Ni ce na kawo labarin, don haka ni ce fuskar labarin. Ana saura kaɗan a ga wata ya same ni ina tankaɗe garin hilu-mur.

"In na yi azumin a ɓoye fa, ba ki gaya mata ba?"

"Ba zan gaya mata ba. Gwaji na uku zai gaya mata."

Ya ja kujera ya zauna.

"In na sha kuma a ɓoye, in fita tabarma kamar kowa?"

"Wannan kai da Ubangijinka ne, Malam, kuma Ya ba ka izini. Amma tunda ka tambaye ni, a wurin aikinmu in mun karanta labari da kuskure ba ma jira mutane su manta. A inda muka faɗa, a nan muke gyarawa."

Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Ranar farko ta azumi ya sha maganinsa da safe, ya sha ruwansa da rana a cikin ɗaki. Da rana ta kusa faɗuwa ya sa farar jallabiyarsa ya fita, ni kuma na tsaya bayan ƙofa, inda mata ke tsayawa su ji komai. Aka kira salla, ya miƙa dabino kamar kullum, shi bai ɗauka ba. Da mutane suka jiƙa maƙogwaro sai ya ɗaga hannu. Na ji ya gyara murya, kuma wallahi muryata ya kwaikwaya, har da yadda nake jan numfashi kafin kanun labarai.

"Jama'a, ga gyara. A watan Rajab wannan tasha ta sanar da cewa tana da zulal, tana dariya. Masu saurare sun ɗauka tawakkali ne. Ba tawakkali ba ne, rashin fahimtar Larabci ne. Na ɗauka an ce fitsarina ruwan sha ne."

Dariyar da aka yi a tabarmar nan har masu wucewa a raksha sai da suka leƙo. Hajj Usman ya ƙware da hilu-mur, ana bubbuga masa baya yana cewa a dawo masa da hawayensa. Da aka lafa sai mahaifinku ya ci gaba da muryarsa ta gaskiya. Ya ce ƙodarsa ba ta lalace ba, yoyo ta fara, an kuma gano da wuri. Ya ce likita ta ba shi shawarar ajiye azumin bana in yana son zuwa Makka da ƙafarsa, kuma ya ajiye. Ya ce kakansa ya tsaya a garin nan saboda guzuri, shi ba zai tsaya saboda kunya ba. Sai limamin unguwa ya tura masa kwanon asida ya ce tunda shi ne mai ƙarfi a cikinsu, daga yau shi zai riƙa tare motoci a titi. Haka kuwa aka yi. Duk watan nan shi ne ke tsayawa tsakiyar hanya da sandarsa da rawaninsa, yana sauke fasinjoji su sha ruwa, kuma ban taɓa ganin ya ji daɗin wani Ramadan kamar wannan da bai azumta ba.

Da ya shigo gida ranar, ya ajiye tiren ya ce, "Sashen Hausa, yaya kika ji fassarar?"

Na ce akwai ɗan sauri a farko, amma za a iya ɗaukar sa aiki.

Bayan ƙaramar salla aka yi gwaji na uku. Wannan karon bai kusanci randa ba sai don ƙishi. Ya fito hamsin da takwas, jini ya sauka, sukari ya daidaita. Ku lura da kyau, Bashir musamman: bai koma ƙasa da talatin ba, kuma har yau bai koma ba. Likitar ta ce abin da ake nema shi ne a tare yoyon kada ya ƙaru, a riƙa dubawa lokaci-lokaci. Ta sa hannu. Ta ce ya sha ruwa sosai a can, ya guji tsakar rana, kada ya karɓi ƙwayar ciwon jiki daga hannun abokan tafiya. Ya karɓi takardar da hannu biyu. A cikin raksha muna dawowa, daidai kan gada, direban ya ce, "Ina za a sauka, ya Hajj?" Sai na ga bai runtse ido ba. Ya ce wa direban, "Ka ɗan yi gaggawar kira, amma ba da yawa ba."

Ya je, ya yi ɗawafi da ƙafarsa da sandarsa, ya yi wa kakansa da ubansa addu'a a inda suka yi niyyar tsayawa. Zamzam ya sha shi har ya ƙoshi, kuma ba ni da shakka a kan albarkarsa. Abin da nake so ku sani shi ne da shi yake haɗiye ƙwayoyinsa, safe da yamma, bai tsallake ba. Azumin kuma ya rama shi cif da sanyi ya shigo, da izinin likita. Shekaru sun wuce, mun bar gida mun bar shago, amma ƙodojinsa biyu suna nan suna aiki, ba a taɓa ɗora shi a kan injin wanki ba.

Ya dawo da 'yan kwanaki Safiya ta haihu, mace. Mijinta ya zo ya durƙusa ya ce Baba ne zai zaɓi suna. Ranar suna gida ya cika, gwaggonku Asabe ta zo da ƙwai cikin kwando, na kajina, a matsayin gudummawa. Mahaifinku ya sa aka kawo masa jaririyar, ya ɗiga mata Zamzam a baki da ɗan yatsa, ya faɗi sunan. Gwaggonku ta saki salati.

"Idi! Sunan cuta za ka sa wa yarinya?"

"Yaya, ke kin ce ƙwai ne."

"Ko ƙwai ne, ana sa wa mutum suna ƙwai?"

Safiya ta dube ni ido ya cika da hawaye, tana jira in hana. Ni ma na buɗe baki. Sai ya riga ni.

"Kalmar nan ta zo mini da ma'ana uku. Ta likita na riƙe ta, ina shan maganinta har in mutu. Ta Yaya ta tafi da ita Hajj Yusuf tare da kaji. Saura ta farko, wadda na yi murna da ita yini guda aka ƙwace mini. Ita nake so a dawo mini da ita, in riƙa kiran ta kullum a tsakar gida, ba wanda zai ce a yi gyara."

Ya juyo wurina.

"Ko akwai gyara, Sashen Hausa?"

Na dubi yarinyar, tana tsotsar leɓe, ɗigon ruwan yana sheƙi a bakinta. Na ce babu.

Don haka, Zulal, in 'yan ajinku sun sake ce miki sunan cuta gare ki, ki gaya musu kakarki ta yi aikin fassara shekaru masu yawa, ta kuma duba wannan kalma da kanta. Ma'anarki ruwa ne garai-garai.